A Duba Maganin Zazzaɓin Cizon Sauro Da Sojojinmu Na Sama Ke Sha

Ya mai girma Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka baki ɗaya, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda ake kare sojojinmu na sama daga zazzaɓin cizon sauro, wanda mu a nan arewacin Kamaru muka fi kira palu. Ni tsohon ma'aikacin jinya ne na soja. Na yi fiye da shekara ashirin a ɗakunan shan magani na bariki, kuma kusan rabin waɗannan shekarun na yi su ne tare da matuƙan jirage da makanikai da masu lodin kaya da ke tashi tare da su. Yanzu na yi ritaya ina zaune a Garwa, kuma duk lokacin da na ji ƙarar helikwafta ta bi ta kan gidana da asuba ta nufi wajen Marwa da Mora, abin da ke fara faɗo mini a rai shi ne, wane magani ne ke yawo a jinin yaron da ke tuƙa ta, kuma wa ya ba shi?

Bari in fara da abin da idona ya gani. Wata damina aka turo mana wani matashin hafsa wanda ya shekara uku a Turai yana koyon tuƙin jirgi. Yaro ne mai ladabi ƙwarai. A gaban mutane ina ce masa yallaɓai saboda aninin da ke kafaɗarsa, in mun keɓe kuwa shi ne ke ce mini Baba. Ranar da ya zo a buɗe masa fayil na ba shi shawara ya nemi likita ya rubuta masa ƙwayar rigakafi, ko da ta watannin farko ce kawai, sai ya yi murmushi ya ce, "Haba Baba, a bakin Binuwai fa aka yanke mini cibiya. Sauron garin nan ya san ni, ni ma na san shi." Ban matsa masa ba, kuma har gobe ina nadamar wannan shirun da na yi. Babu wata doka a rubuce da zan ɗauko in ajiye masa a gaba, likitanmu kuma a lokacin yana wani gari.

Ba a cika mako uku ba jikinsa ya fara zafi da yamma. Bai gaya wa kowa ba, domin an sa sunansa cikin waɗanda za su tashi, kuma ya san duk wanda ya zo wurinmu da zazzaɓi za a dakatar da shi daga tashi, alawus ɗinsa ya tsaya, abokansa kuma su yi masa kallon rago. Sai ya aiki yaro kasuwa wurin masu tebur aka sayo masa farasitamol da kinin, ya riƙa haɗiya a ɓoye. Rana ta uku ya hau jirgi a matsayin mataimakin matuƙi, da mutum tara a bayansa. Makanikin da ke tare da su ne ya kawo mini shi bayan sun sauka, ya ce sau uku yallaɓai yana roƙon masu kula da sauka su maimaita abin da suka faɗa a rediyo, kuma da ya sauko sai da ya riƙe ƙofar jirgin kafin ƙafarsa ta tsaya. Na dube shi, rigarsa ta jiƙe sharkaf, hannunsa na rawa, farin idonsa ya fara komawa ɗorawa. Ya ce mini, "Baba, kunnena kamar an zuba gyare a ciki." Na soki yatsarsa na ɗiga jini a kan abin gwaji, kafin minti goma layi biyu sun fito ɓaro-ɓaro, alamar palu ne. A daren aka kwantar da shi aka fara yi masa allurar atesunet ta jijiya. Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba, shi da mutanen da ya ɗauko.

Maganar da ya gaya mini ranar farko ita ce maganar da yawancinmu muka yarda da ita, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Mutumin da ya girma inda sauro ke cizonsa shekara da shekaru jikinsa yakan sami wata 'yar kariya, ta yadda in ciwon ya kama shi ba ya kayar da shi kamar yadda yake kayar da baƙo. Sai dai wannan kariya ba gadonta ake yi ba, kuma ba ta dawwama. Cizon da ake sha a kai a kai ne ke raya ta, in mutum ya bar ƙasar sauro ya daɗe sai ta dushe, shi kuwa bai sani ba. Su kuma matuƙan jirage, a cikin dukan sojoji, su ne aka fi turawa kos ƙasashen waje na shekara biyu ko uku, su dawo da jiki irin na baƙo da zuciya irin ta ɗan gari. Haka zancen yake ga 'yan'uwanmu na Cadi, inda yaron da ya tashi a Faya ko Bardai, cikin sahara inda ciwon bai yi ƙarfi ba, za a iya kai shi aiki bakin Tafkin Cadi ko Mundu ko Sar a tsakiyar damina. A takarda ɗan ƙasa ne, amma a wurin sauro bai bambanta da Bature ba.

Abin da ya sa na ware sojan sama daga sojan ƙasa shi ne, shi sojan ƙasa in jiri ya ɗebe shi yana iya zama a gindin bishiya abokinsa ya karɓi bindigarsa, wanda ke sama kuwa ba shi da inda zai raɓa. Ƙwayar cutar nan, bayan macen sauro ta zuba ta a jini, takan wuce hanta ta yi kamar mako guda tana hayayyafa ba tare da mutum ya ji komai ba, sannan ta fito ta shiga jajayen ƙwayoyin jini tana farfasa su. Waɗannan ƙwayoyin su ne ke ɗaukar iskar da muke shaƙa su kai ta ƙwaƙwalwa, a sama kuma iskar ta fi ƙaranci, shi ya sa ake sa wa matuƙa abin shaƙar iska in sun wuce kamar mita 3,000 a jirgin da ba a matse iskar cikinsa ba. Mutumin da jininsa ya ragu, ga zazzaɓi, ga ƙishirwa, shi ne zai fara rikicewa tun ba a kai can ba. Maganin da zai sha ya warke kuma shi ma yana da nasa nauyin: kinin yana sa ƙarar kunne da jiri, wani lokaci har ya taɓa gani, kuma duk wanda ya taɓa shan amodiyakin ya san irin kasalar da yake saukar wa mutum.

Ba yau soja da wannan ciwo suka fara karawa ba. Likitan soja ne, Bafaranshe Alphonse Laveran, ya fara ganin ƙwayar cutar a jinin majiyyaci a garin Kustantina na Aljeriya a 1880. A yaƙin Boma, inda aka kai dubban Hausawa da sauran mutanen Afirka ta Yamma, zazzaɓi ya kwantar da sojojin Ingila fiye da yadda harsashin Japan ya kwantar, har sai da Janar William Slim ya mayar da shan ƙwayar mefakirin aikin kwamanda: yakan sa a yi wa runduna gwajin ba-zata, in aka sami waɗanda suka sha ba su kai kashi 95 cikin 100 ba sai ya tsige kwamandan, kuma da ya tsige uku sauran suka shiga taitayinsu. Tun a wancan zamani akwai jita-jitar cewa ƙwayar tana kashe mazakuta, kuma ni da kunnena na ji yara a bariki suna faɗin irinta a kan magungunan yau, alhali ba ta da tushe. A 2003 sojojin ruwan Amurka sun sauka Laberiya na ɗan lokaci, aka kwashe 44 daga cikinsu zuwa asibitocin waje saboda wannan zazzaɓi, bincike kuma ya nuna akasarinsu ba su sha maganin da aka ba su yadda ya kamata ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

To amma wane magani? A nan ne na fi so a saurare ni, domin a nan ne kuskure ke iya kashe mutum ko da niyyar mai ba da maganin alheri ce. Nivaquine da iyayenmu suka sani ta daina aiki a ƙasar nan tun shekarun 1980, lokacin da cutar ta saba da ita. Akwai kuma meflokin, wanda ake sayarwa da sunan Lariam. Cibiyar binciken sojan Amurka ta Walter Reed ce ta samar da shi a shekarun 1970, aka amince da shi a Amurka a 1989, kuma ya sami karɓuwa saboda ƙwaya ɗaya ake sha a mako, abin da ke da sauƙi ga soja. Daga baya aka tabbatar yana sa wasu mutane munanan mafarkai da rashin barci da fargaba da damuwa mai tsanani, yana kuma taɓa sashen cikin kunne da ke riƙe daidaiton jiki, ya kawo jiri da tangaɗi. A Yulin 2013 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa masa gargaɗi mafi tsanani da take sa wa magani, ta ce jirin yana iya daɗewa watanni ko shekaru, har ma ya zama na dindindin, a 2016 kuma kwamitin tsaro na majalisar dokokin Ingila ya ce kada a ba soja shi sai in babu wani zaɓi. Rundunonin saman waɗannan ƙasashe ba sa barin mai shan sa ya tuƙa jirgi.

Wanda bai zauna da matuƙa ba zai ce ai jiri ƙaramin abu ne. Matuƙi ya dogara ne da idonsa da cikin kunnensa da agogunan da ke gabansa domin ya san sama ya san ƙasa. In ya shiga gajimaren damina, ko hazon hunturu ya rufe sararin Marwa har ba a iya bambance ƙasa da sama, ido ya tashi daga aiki. In kunnen ma magani ya rikita shi, sai mutum ya ji a jikinsa jirgin yana tafiya daidai alhali ya karkata yana gangarawa. Ga shi meflokin ba ya saurin barin jiki, yana ɗaukar kamar mako uku kafin rabinsa ya fita, saboda haka ƙwayar da aka haɗiya a ƙarshen damina tana iya kai mutum har farkon hazo. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne na taɓa ganin kwalinsa a jakar wani makanikin jirgi, wani ɗan'uwansa ne ya aiko masa daga waje da kyakkyawar niyya, shi kuma bai san akwai wata matsala ba tunda babu wanda ya taɓa gaya masa.

Magunguna biyu ne rundunonin sama suka fi amincewa da su. Na farko doksisaikilin, miligiram 100 kullum, a fara kwana ɗaya ko biyu kafin shiga yankin sauro, a ci gaba har mako huɗu bayan an fita, domin shi ba ya kashe cutar tun tana hanta, jira yake ta fito jini. Shi sojojin Faransa suka riƙa sha a shekarunsu na ƙarshe a Injamena kafin su miƙa sansaninsu a Janairun 2025. Yana da araha, ba ya rikita hankali, amma yana da sharuɗɗa da ya kamata a bayyana wa mutum da harshen da yake ji. Ba ya daɗewa a jini, don haka tsallake kwana ɗaya ko biyu ya isa ya buɗe wa ciwo ƙofa. Yana sa fatar wasu ta ƙone a rana, mu kuwa a Garwa mun san yadda rana take a filin jirgi cikin Maris da Afrilu. Dole a sha shi da abinci da cikakken kofin ruwa, kuma kada a kwanta nan take, in ba haka ba sai ya tsaya a maƙoshi ya yi gyambo. Wannan sharaɗi na ƙarshe na sha ganin an karya shi a watan azumi, mutum ya haɗiye ƙwaya da ɗan kurɓin ruwa a ƙarshen sahur, ya yi sallah ya koma shimfiɗa, bayan kwana biyu ya zo yana cewa ƙirjinsa na ci da wuta. Da an gaya masa ya mayar da shan ta bayan buɗe-baki, da bai sha wannan wahalar ba. Ba a ba mace mai ciki shi, kuma yanzu da mata suka fara shiga aikin sama wannan tambaya ce da dole likita ya yi.

Na biyu shi ne haɗin atobakon da firoguwanil, wanda aka fi sani da Malarone. Shi ma kullum ake sha, ya fi shiga jiki in an haɗa shi da madara ko abinci mai maiƙo, kuma kwana bakwai kacal ake ci gaba da shi bayan fita, tunda yana kama cutar tun tana hanta. Aibinsa tsada. Duk da haka, a nawa lissafin, kuɗin man da babbar helikwafta ke sha a sa'a ɗaya ya isa ya saya wa masu tuƙa ta maganin wata guda, ballantana a yi maganar kuɗin jirgin kansa da shekarun da aka kashe wajen koyar da matuƙin. Akwai wani sabo, tafenokin, da aka amince da shi a Amurka a 2018, amma ba a ba mutum shi sai an yi masa gwajin jini da ake kira G6PD, domin yana farfasa jinin masu ƙarancin wannan sinadari, su kuwa suna da yawa a cikinmu baƙar fata.

Ko wanne aka zaɓa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙa'idar likitocin sama ita ce matuƙi ya fara shan sabon magani yana ƙasa na wasu kwanaki, a ga yadda jikinsa ya karɓe shi, a rubuta a fayil ɗinsa cewa wannan ya karɓe shi wancan bai karɓe shi ba, ta yadda ranar da aka yi kiran gaggawa ba sai an tsaya gwaji ba. A duk shekarun da na yi ina buɗe fayil ina rufewa, sau kaɗan na ga an yi haka.

Kada a fahimce ni da cewa ina so kowane sojan sama ya yi ta haɗiyar ƙwaya kullum har ya yi ritaya. Sojojin Amurka kusan 300 da aka sanar da turowa Kamaru a Oktoban 2015, waɗanda suka zauna nan Garwa da jiragensu marasa matuƙi, baƙi ne masu wa'adin watanni, tsarinsu ba zai zauna daidai a kan wanda zai shekara talatin a nan ba. Abin da nake roƙon shugabannin lafiya na rundunonin Kamaru da Cadi shi ne su zauna su rubuta namu tsarin, wanda zai fayyace wa ya kamata ya sha, na tsawon wane lokaci, da wane magani aka haramta wa mai tashi. Ni a ganina wanda ya dawo daga dogon kos a waje, da wanda aka ɗauko daga sahara ko daga tsaunuka masu sanyi, da ayarin da za a girke a bakin tafki ko kusa da gonakin shinkafar Yagwa da Maga daga Yuli zuwa Oktoba, su ne na farko a layi. Ƙasar nan ta nuna tana iya irin wannan aiki: tun 2016 ake bi gida-gida a Arewa da Arewa Mai Nisa ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafi kowane wata na damina, kuma ranar 22 ga Janairun 2024 Kamaru ta zama ƙasa ta farko da ta sa allurar rigakafin wannan ciwo cikin jerin alluran yara na yau da kullum. Wanda ya iya kai magani ƙauyukan Mayo-Danay da ruwa ya yanke wa hanya, 'yan ɗaruruwan mutanen da ke kwana a bariki ba za su gagare shi ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ƙwaya kuma ba ta ɗauke wa kowa kwana cikin gidan sauro. Makanikai ne suka fi ba ni tausayi, domin da dare suke aiki a ƙarƙashin fitilu, hannu a naɗe, daidai lokacin da sauron ke fita kiwo. A ba su man shafawa mai korar sauro, a kuma gargaɗe su cewa mai sinadarin DEET yana cin roba, kada ya taɓa gilashin hular matuƙi ko abin shaƙar iska.

Na dawo kan yaron nan nawa, domin da ya zo wurina daren farko da jikinsa ya yi zafi, da gwajin minti goma sha biyar da shan maganin Coartem na kwana uku da ɗan hutu sun wadatar, da bai san ƙofar masu tebur ba, inda ba wanda zai iya rantse maka cewa abin da ke cikin kwalin shi ne aka rubuta a bayansa. Tsoron a yanke masa alawus da tsoron bakin abokai ne suka hau da shi jirgi. Saboda haka ina roƙon kwamandoji su tabbatar cewa wanda likita ya dakatar saboda zazzaɓi ba zai rasa ko dala ɗaya ba, kuma ba za a rubuta masa shi a matsayin gazawa ba. A ajiye abin gwajin jini a ɗakin da matuƙa ke taruwa kafin tashi, a kuma ba ma'aikacin jinya, ko da igiyarsa biyu ce, ikon ya ce wa mai anini yau ba za ka tashi ba sai likita ya gan ka.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka, ya kai sojojinmu lafiya ya dawo da su lafiya.

Naka,
Tsohon ma'aikacin jinya na soja,
Unguwar Yelwa, Garwa, Kamaru.